John Curwen, Wanda Ya Sauƙaƙa Koyon Waƙa

Duk wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar mawaƙa ya ga haruffan nan, d, r, m, f, s, l, t, a kan allo. Ga labarin mutumin da ya baza su cikin duniya.

An haifi John Curwen a Ingila cikin shekara ta 1816. Ubansa fasto ne, shi ma ya bi sawunsa. Ba gwanin waƙa ba ne. Da ƙyar ya koyi karanta rubutun kiɗa na Turawa, yaran makarantar Lahadi da ke hannunsa kuwa sai dai su kama waƙa da ka, kuskure da duka.

Cikin 1841 malaman makarantun Lahadi suka yi taro a Hull, suka ɗora masa aikin neman hanya mai sauƙi ta koya wa jama'a waƙa. Ya same ta a littafin wata malama, Sarah Glover ta garin Norwich. Ya ɗauki hanyarta, ya yi mata gyare-gyare, ko da yake ba dukansu suka gamshi malamar ba. Amma bai taɓa ɓoye cewa ita ce tushen abin ba.

Akwai waɗansu mutane kaɗan masu wata baiwa: da jin amo guda, ko na ƙararrawa ne, sai su faɗi sunansa ba tare da sun gwada shi da wani ba. Mozart yana da ita tun yana yaro. Yawancinmu ba mu da ita, Curwen kuwa ya gane mawaƙi ba ya bukatarta. Abin da yake bukata shi ne ya san nisan da ke tsakanin amo da amo, wannan kuwa ana koyonsa. Saboda haka doh ba shi da mazauni guda. Ko mai ba da waƙa ya kama ta sama ko ƙasa, daga doh zuwa soh taki ɗaya ne, ba ya sākewa. Mai baiwar nan ma yakan sha wahala in an sauke waƙa daga inda ya saba, gama abin da idonsa ke karantawa dabam, abin da kunnensa ke ji dabam.

Ya yi aikin fasto a Plaistow shekara 20. Cikin 1864 ya ajiye shi, ya ba da sauran kwanakinsa ga buga littattafai da horar da malamai. Masu bishara suka kai hanyarsa Afirka da tsibiran teku masu nisa. Ya rasu a Manchester cikin 1880.