Ayrton Senna: Direban da Ruwan Sama Ke Ƙara wa Gudu

Idan kana bin shafukan motoci a TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da shi ba: direba mai hular kwano ruwan ɗorawa, cikin mota fara da ja, yana tsala gudu ana sheƙa ruwan sama. Sai a ɗora kiɗa mai sanyaya jiki, a rubuta 1960 zuwa 1994. To, Ayrton Senna kenan, ɗan ƙasar Brazil da ya zama zakaran gasar tseren motoci ta Formula 1 har sau uku. Sai dai bidiyon daƙiƙa talatin yakan nuna maka shi kamar mutumin da bai taɓa yin laifi ba, alhali Senna na gaskiya ya fi haka wuyar sha'ani.

An haife shi ranar 21 ga Maris, 1960 a birnin São Paulo. Kada ka zaci labarin ɗan talaka ne irin na su Pele. Mahaifinsa Milton da Silva mai hali ne, yana da masana'anta da gonaki, kuma shi ya haɗa masa 'yar ƙaramar motar tsere da injin yankan ciyawa tun yaron na da shekara huɗu. Yana shekara 13 ya fara shiga gasar irin waɗannan ƙananan motoci da ake kira kart, a 1977 ya zama zakaran Kudancin Amurka. Kambun duniya na kart kuwa ya gagare shi, sau biyu yana ƙarewa na biyu, a 1979 da 1980.

A 1981 ya tafi Ingila, inda ake horar da masu neman shiga Formula 1, ya lashe ƙananan gasa ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1983. A wannan tsakanin ne ya koma amfani da sunan gidan mahaifiyarsa, Senna, domin da Silva suna ne da ya yi yawa a Brazil.

Duniya ta san shi ne a Monaco a 1984, shekararsa ta farko a Formula 1, cikin motar wata ƙaramar ƙungiya mai suna Toleman da ba wanda ke lissafi da ita. Ka gane abin da ruwa ke yi wa tsere: taya ba ta kama kwalta sosai, feshin motar gabanka ya rufe maka ido, ƙarfin inji ya rage amfani. Abin da ya saura shi ne ƙafar direba a kan totur da birki. Senna ya tashi daga matsayi na 13, ya dinga wuce manya har da Niki Lauda, ya doshi Alain Prost da ke kan gaba. Yana dab da kama shi sai aka tsayar da tseren a zagaye na 31 saboda ruwa ya yi yawa, aka ba Prost nasara. Riƙe sunan Prost ɗin nan, za ka sake jin sa.

Ya koma Lotus a 1985, ya ci tserensa na farko a Estoril ta ƙasar Fotugal, nan ma cikin ruwa. A 1986, kwana ɗaya bayan Faransa ta fitar da Brazil daga gasar cin kofin duniya, ya yi nasara a Detroit ta Amurka, ya karɓi tutar ƙasarsa ya zaga da ita. Daga nan abin ya zame masa al'ada. Brazil a lokacin ba ta daɗe da fita daga mulkin soja ba, farashin kaya na tashi kullum, rabonta da kofin duniya tun 1970. Ga mutane da yawa, safiyar Lahadi a gaban talabijin ita ce lokacin da suke jin ƙasarsu ta fi kowa a wani abu.

A 1988 ya shiga McLaren, ƙungiya ɗaya da Prost. Motarsu mai injin Honda ta ci tsere 15 cikin 16 na shekarar, Senna takwas, Prost bakwai, Senna ya ɗauki kambunsa na farko. Amma zakaru biyu a akurki ɗaya ai sai an yi. Prost Bafaranshe ne mai lissafi, ba ya kasada sai ta zama dole. Senna kuwa in ya hango tazara komai ƙanƙantarta zai cusa mota, ya bar maka zaɓi: ko ka kauce ko ku yi karo.

A Suzuka ta Japan a 1989, kambu na tsakaninsu, Senna ya kutsa a wata matsattsiyar kwana, Prost ya rufe hanya, suka sarƙe. Prost ya fita daga motarsa. Senna ya sa ma'aikatan hanya suka tura shi, ya je aka sauya masa hancin mota, ya dawo ya ci tseren. Sai hukuma ta soke nasarar, wai ya yanke kwana, kambu ya tafi ga Prost. Shugaban hukumar a lokacin, Jean-Marie Balestre, shi ma Bafaranshe ne, kuma Senna bai ɓoye zargin cewa an yi son kai ba.

Shekara ta zagayo, 1990, Suzuka dai, Prost ya koma Ferrari. Senna ne ya fi kowa sauri a gwajin share fage, amma gurbin na ɗaya yana ɓangaren hanya mai datti, ya nemi a sauya aka ƙi. Aka tashi, Prost ya shige gaba, a kwanar farko Senna ya ƙi ɗaga ƙafa ya daki motarsa suna gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Duka biyun suka fita daga tseren, kuma hakan ya ba Senna kambu na biyu. Bayan shekara guda ya fito fili ya amsa cewa tun kafin a tashi ya ƙudurta ba zai kauce ba. Masoyansa sukan ce ramuwa ce. Ni dai a ganina babu kwaskwarimar da za a yi wa wannan: ya saka ransa da na wani, da na motoci fiye da ashirin da ke bayansu, cikin haɗari don kofi.

Ga kuma ɗaya fuskar. A 1992 a Spa ta Beljiyam, wani direba Bafaranshe, Érik Comas, ya yi mummunan haɗari lokacin gwaji, ya suma, injinsa na ta ruri. Senna ya tsayar da motarsa, ya sheƙo a guje da ƙafa motoci na wucewa, ya kashe injin don kada wuta ta tashi, ya tallafe kan Comas har likitoci suka iso. Mutum ɗaya ne fa ya yi wannan da wancan, tsakaninsu shekara biyu kacal.

In kana son bidiyo ɗaya da ya cancanci datarka, nemi tseren Brazil na 1991. Bai taɓa ci a gida ba. Yana kan gaba giyoyin motarsa suka fara mutuwa, har ya rage giya ta shida kaɗai, ga yayyafi ya sauko, ga Riccardo Patrese na matsowa. Haka ya lallaɓa ya ƙarasa. Kafaɗunsa suka ƙage, sai da aka ciro shi daga motar, kofin ma da ƙyar ya ɗaga. A shekarar ya ci kambu na uku.

A 1994 ya koma Williams, motar da ta fi kowace a shekarun baya. Sai dai an haramta na'urorin kwamfuta da ke daidaita ta, ta zama mai gardama, bai kammala tsere biyun farko ba. Na uku a Imola ne, a Italiya. Ranar Juma'a ɗan ƙasarsu Rubens Barrichello ya yi haɗari ya tsira. Ranar Asabar Roland Ratzenberger ɗan Austriya ya mutu a gwajin share fage. Senna ya yi kuka, babban likitan gasar kuma amininsa, Sid Watkins, ya ba shi shawarar ya haƙura da tseren gaba ɗaya. Ya ƙi. Da safiyar Lahadi ya tattauna da sauran direbobi kan farfaɗo da ƙungiyarsu don neman a inganta tsaro.

Ranar 1 ga Mayu, a zagaye na bakwai, yana kan gaba, motarsa ta miƙe a kwanar Tamburello ta daki katangar kankare. Wani ƙarfe daga ƙafar motar ya huda hular kwanonsa. Ana cikin ba shi agaji a gefen hanya, sai aka saki wata mota bisa kuskure ta iso wurin a guje ta ja birki. Comas ne a ciki. An ɗauki Senna a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a Bologna, da yamma aka sanar da mutuwarsa yana da shekara 34. A cikin motarsa an tarar da tutar Austriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don Ratzenberger.

Ya bar nasara 41, da tashi daga gurbin farko sau 65. Shari'ar haɗarin ta ja a kotunan Italiya har 2007, inda aka tsaya kan cewa sandar sitiyari ce ta karye. An sauya fasalin Tamburello, an ɗaga gefen mazaunin direba, an tsaurara gwajin motoci. Shekara 20 aka yi kafin wani haɗarin tseren Formula 1 ya sake cin ran direba, wato na Jules Bianchi a 2014. 'Yar'uwarsa Viviane kuma ta kafa cibiya da sunansa a ƙarshen 1994, mai aikin ilimin yara a Brazil, abin da ya yi mata maganarsa kafin ya rasu.

Gwamnatin Brazil ta ayyana makokin kwana uku, jama'a suka cika titunan São Paulo. Prost kuwa, tun da ya yi ritaya a ƙarshen 1993 gabar ta mutu. A tserensu na ƙarshe tare, a Adelaide ta Ostireliya, Senna ya ci, ya jawo shi ya tsaya kusa da shi a saman dandamali, bayan nan ya riƙa kiran sa a waya suna hira. Ranar jana'iza, Prost na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa maƙabartar Morumbi.