Rashidi Yekini: Bijimin Kaduna da ya buɗe wa Najeriya ragar duniya

A gidajen kallon ƙwallo na Kuchigoro, a bakin hanyar filin jirgin saman Abuja, akwai musun da ba ya tsufa: wane ɗan wasan gaba ne ya fi kowa a tarihin Najeriya? Matasa sukan ce Victor Osimhen. Waɗanda furfura ta fara leƙo musu kuwa ba sa son a ma tayar da maganar, domin a wurinsu an rufe ta tun 1994. Babban filin wasa na ƙasa da ke maƙwabtaka da unguwar, wanda aka buɗe a 2003 aka kuma raɗa masa sunan Moshood Abiola a 2019, bai taɓa ganin gwaninsu cikin rigar Super Eagles ba. Sai dai gwanin ya yi wa mai sunan wasa a ƙungiyarsa ta Abiola Babes. Shi ne marigayi Rashidi Yekini.

An haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa mutanen Ira ne ta jihar Kwara, amma Kaduna ce ta raine shi, a zamanin da masaƙu ke ɗaukar dubban ma'aikata, manyan kamfanoni kuma ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo nasu. A ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara fitowa fili a farkon shekarun 1980. Daga can Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi, ya kuma kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka tare da ita a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke su gida da waje. A shekarar ce ya fara sa rigar ƙasa. Sai Abiola Babes ta Abeokuta, sai Africa Sports ta Abijan a 1987, inda laƙabin Bijimin Kaduna ya bi shi.

Laƙabin bai yi ƙarya ba. Dogo ne mai faɗin ƙirji da dogon taku. Ba gwanin yanka ba ne irin Jay-Jay Okocha, bai kuma damu da burge 'yan kallo ba. A jefa masa ƙwallo ta bayan masu tsaron baya, ya bi ta da gudu, ya kawar da mutum da kafaɗa, ya narka. Yakan ɓarar da dama, wani lokaci har mai kallo ya dafe kai, amma ɓararwar ba ta sa shi jin kunyar sake bugawa.

Turai ba ta kira shi da wuri ba. Yana dab da cika shekara 27 ya isa Vitória de Setúbal ta Fotugal a 1990, ƙungiyar da ba ta cikin manyan nan uku na ƙasar, wato Benfica da Porto da Sporting. Bayan ta faɗa rukuni na biyu, ya zura ƙwallo 34 a kakar 1992/93, ta dawo sama. A kaka ta gaba ya fi kowa ci a babban rukuni da ƙwallo 21. Ɗan ƙaramar ƙungiya ya sha gaban 'yan wasan Benfica da Porto a gasarsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar ƙwallon Afirka ta naɗa shi gwarzon nahiyar na 1993, ɗan Najeriya na farko da ta bai wa wannan kambu.

Amma ainihin hujjar masu fifita shi tana cikin Gasar Cin Kofin Afirka. Bayan kofin 1980 da aka ɗauka a Legas, Najeriya ta zama mai zuwa bakin rijiya ta koma da ƙishi: ta biyu a 1984, ta biyu a 1988, duka a hannun Kamaru, ta biyu kuma a 1990 a hannun Aljeriya, sai ta uku a 1992. Yekini ya ɗanɗani duk wannan ɗaci, kuma ƙwallayensa na ƙaruwa daga gasa zuwa gasa: ɗaya a 1988, uku a 1990, huɗu a 1992. A Tunisiya a 1994, ƙarƙashin koci Clemens Westerhof, ya ci biyar: biyu a ragar Gabon, biyu a ragar Zayar, ɗaya a ragar Kwaddibuwa a wasan kusa da na ƙarshe, sannan shi ya buga fenaritin da ya raba gardama bayan an tashi 2 da 2. A wasan ƙarshe ranar 10 ga Afrilu, Emmanuel Amunike ne ya ci duka biyun da aka doke Zambiya da su, ƙasar da ta sake haɗa tawaga bayan hatsarin jirgin da ya hallaka 'yan wasanta a gaɓar Gabon shekara guda kafin nan. Amma Yekini aka zaɓa gwarzon gasar.

Wata biyu bayan haka, ranar 21 ga Yuni, Najeriya ta buga wasanta na farko a Gasar Cin Kofin Duniya, da Bulgeriya, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas. A minti na 21 Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta raga. Ƙwallo ce mai sauƙi. Abin da ya biyo baya ne ya zauna a zukata: ya bi ta har cikin raga, ya zura hannuwansa ta cikin zaren, ya dunƙule su, yana girgizawa yana ihu. An tashi 3 da nema, kuma Bulgeriyar nan ce ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Bai sake ci a gasar ba. Italiya ta fitar da Najeriya a zagaye na biyu da ƙwallaye biyu na Roberto Baggio.

Filin Dallas ɗin, asalinsa na ƙwallon Amurka ne, wadda ake runguma a hannu a kutsa da ita cikin abokan gaba. Su ma Amurkawa suna da irin wannan musu game da masu gudu da ƙwallo. Jim Brown ya bar wasa da yadi 12,312, Walter Payton ya wuce shi ya kai 16,726, Emmitt Smith na Dallas Cowboys ya kai 18,355. Duk da haka da yawa har yau Brown suke sa wa a gaba, domin cikin kaka tara kacal ya tara nasa, takwas daga ciki kuma babu wanda ya kamo shi. Lissafin Yekini ma haka yake. Ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya a wasanni kusan 60. Segun Odegbami da Yakubu Aiyegbeni da Obafemi Martins duk sun tsaya nesa da shi, sai Osimhen ne ya zo da ƙarfin ƙure adadin. Adadi kuwa dama don a wuce shi aka kafa shi. Abin da wuya a kwaikwaya shi ne lokacin da ƙwallayen suka zo, sa'ad da ƙasa ba ta taɓa taka gasar duniya ba, ta kuma shekara 14 rabonta da kofi.

Akwai wani adadin da bai samu damar nema ba, dalilin kuwa ba a fili ya faru ba, a nan Abuja aka yanke shi. Yana da ƙwallo 13 a Gasar Kofin Afirka, saura ɗaya ya kamo tarihin Laurent Pokou na Kwaddibuwa mai 14. Sai gwamnatin Janar Sani Abacha, wadda ta sa zare da Afirka ta Kudu bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, ta hana tawagar zuwa gasar 1996 a can. Hukumar ƙwallon Afirka ta mayar da martani da haramta wa Najeriya gasar 1998. Tarihin Pokou ya tsaya har Samuel Eto'o ya karya shi a 2008.

Sauran shekarunsa na wasa yawo ne: Olympiacos a Girka, Sporting Gijón a Sifaniya, Zürich a Suwizalan, Tunisiya, Saudiyya, sake komawa Abijan. Ya je Kofin Duniya na 1998 a Faransa a matsayin ɗan benci, daga nan ya ajiye rigar ƙasa. Ƙwallo dai ta ƙi sakinsa. Ya dawo gasar gida da Julius Berger ta Legas, a 2005 kuma, yana ɗan shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a Gateway ta Abeokuta.

A Ibadan ya zauna, nesa da taruka da ofisoshin hukumar ƙwallo, ba ya neman muƙami, ba ya neman a gan shi. A shekarunsa na ƙarshe jaridu sun yi ta ruwaito cewa lafiyarsa ta taɓu, ya kuma ƙaurace wa mutane. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka kai shi Ira aka binne.

Masu aikin fayil za su gane ragowar labarin. Gwamnati ta yi wa tawagar 1994 alkawarin gidaje. Wasu sun samu tun da wuri, amma mafi yawa sai a Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba su nasu, bayan shekara 27. Kafin ranar, biyar daga cikin 'yan wasan sun riga mu gidan gaskiya: Uche Okafor a 2011, Yekini a 2012, Thompson Oliha a 2013, Wilfred Agbonavbare a 2015, da kyaftin ɗinsu Stephen Keshi a 2016.