Dirk Willems, Mutumin Asperen

An haifi Dirk Willems a garin Asperen cikin ƙasar Holan. Da ya girma, ya karɓi baftisma bisa ga bangaskiyarsa, ya kuma buɗe gidansa domin sujada. Dokar zamanin ta hana wannan, sai aka jefa shi a kurkuku.

Ya tsere da igiyar tsummoki, ya bi ta kan tafkin da sanyi ya daskarar, gama yunwa ta rage masa nauyi. Amma ƙanƙara ta fashe da dogarin da ke binsa. Sa'anda Dirk ya ji kukansa, ya juyo ya tsamo shi, ko da yake hanya tana buɗe a gabansa. Dogarin ya so ya sake shi, magajin gari kuwa ya hana. Aka ƙone Dirk ran 16 ga Mayu, 1569.