Harold Holt: Firaministan da ya shiga teku iyo, har yau ba a ga gawarsa ba

Da tsakar ranar Lahadi, 17 ga Disamban 1967, Firaministan Ostireliya Harold Holt ya shiga teku iyo a gaɓar Cheviot da ke jihar Victoria. Igiyar ruwa na da ƙarfi a ranar, kuma yana fama da ciwon kafaɗa. Abokan tafiyarsa na kallo ruwa ya ja shi ciki har ya ɓace musu. Yana da shekara 59.

Daga lauya zuwa majalisa

An haifi Holt a birnin Sydney ranar 5 ga Agustan 1908. Ya karanta shari'a a Jami'ar Melbourne, ya yi aikin lauya, sannan ya shiga majalisar tarayya a 1935 yana ɗan shekara 27.

Ya riƙe ma'aikatar shige da fice daga 1949 zuwa 1956, ya zama ministan kuɗi a 1958. Shi ya jagoranci shirin sauya kuɗin ƙasar daga fam zuwa dala, wanda ya fara aiki a Fabrairun 1966.

Mulkin da bai kai shekara biyu ba

Ya gaji Robert Menzies a Janairun 1966. Gwamnatinsa ta sassauta tsarin da ya daɗe yana hana waɗanda ba fararen fata ba zama a ƙasar. A zamaninsa aka yi ƙuri'ar raba-gardama ta Mayun 1967, inda sama da kashi 90 cikin ɗari suka amince a riƙa saka 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, cikin ƙidayar jama'a.

Sai dai ya sha suka saboda ƙara yawan sojojin Ostireliya a yaƙin Vietnam domin mara wa Amurka baya.

Shi da ruwa

Holt gwanin ninƙaya ne, yana nutso yana kamun kifi da mashi. Watanni kafin ɓatansa ya taɓa tsallake rijiya da baya a cikin ruwa, amma bai daina ba.

Sojoji da 'yan sanda da masu nutso sun yi ta lalube har farkon Janairun 1968, ba su samu komai ba. Shugaban Amurka Lyndon Johnson da Yarima Charles na Ingila sun halarci taron addu'ar da aka yi masa a Melbourne.

Rashin gawa ya buɗe ƙofar jita-jita. Wani littafi na 1983 ya yi iƙirarin cewa ɗan leƙen asirin China ne, wai jirginsu na ƙarƙashin teku ya ɗauke shi. Ba a taɓa kawo hujja ba. A 2005 mai binciken musabbabin mutuwa na jihar Victoria ya yanke cewa nutsewa ya yi bisa tsautsayi.

A Melbourne akwai wurin ninƙaya da aka sa wa sunansa, kuma har yau jama'a na iyo a cikinsa.