Madan Mohan: makaɗin silima da kiɗansa ya dawo shekara 29 bayan mutuwarsa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a Maraɗi, Damagaram ko Yamai ya san yadda waƙoƙin Indiya suke kama zuciya, ko da mutum bai ji kalma guda ba. Sai dai ƴan kallo sun fi riƙe sunayen ƴan wasa, wanda ya tsara kiɗan kuwa ba safai ake tuna shi ba. Madan Mohan na cikin irin waɗannan mutane, kuma tarihinsa na da abin lura.

An haife shi ran 25 ga watan Yuni na 1924 a Bagadaza, inda mahaifinsa Rai Bahadur Chunilal yake aikin lissafin kuɗi. Yana yaro iyalinsu suka koma Indiya, suka zauna Bambai, garin da ake kira Mumbai yanzu. Mahaifin ya zama babba cikin sha'anin silima, har yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Filmistan. Duk da haka ɗan bai fara da kiɗa ba. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya shiga soja. Da yaƙi ya ƙare sai ya ajiye kaki, ya kama aiki a gidan rediyon gwamnati na birnin Lucknow. Can ne ya zauna da manyan mawaƙa irin su Begum Akhtar da Talat Mahmood, ya sha salon da ake kira gazal, wato waƙar bege mai sanyi wadda take bin ma'aunin baiti.

Fim na farko da ya yi wa kiɗa shi ne Aankhen, a 1950. Daga nan ya shekara 25 yana wannan sana'a. Cikin ayyukansa da suka yi fice akwai Woh Kaun Thi? da Haqeeqat na 1964, Mera Saaya na 1966, da Heer Raanjha na 1970. Mawaƙiya Lata Mangeshkar ce ta rera mafi yawan waƙoƙinsa da suka shahara, kuma ta ɗauke shi tamkar yayanta. Masana sun yarda da gwanintarsa, amma da yawa cikin finafinan da ya yi wa aiki ba su yi kasuwa ba. Bai taɓa samun kyautar Filmfare ba. Sai da fim ɗin Dastak na 1970 ya fito sannan ya samu kyautar ƙasa ta gwanin kiɗan silima. Ciwon hanta ya kashe shi ran 14 ga watan Yuli na 1975, yana da shekara 51. Mausam da Laila Majnu sun fito bayansa, wasu makaɗa suka ƙarasa abin da ya rage, kuma duka biyun sun samu karɓuwar da ya daɗe yana jira.

Madan Mohan yana da wata al'ada wadda ta zama sanadin ceton aikinsa. In an ba shi baiti, yakan tsara masa karin murya iri-iri, yana rerawa da kansa yana danna harmoniyam, akwatin kiɗa mai iska, rakoda kuma tana ɗauka. Mai fim ya zaɓi guda, sauran su kwanta cikin faifan zare. Ɗansa Sanjeev Kohli, wanda shi ma ya yi aiki a kamfanonin faifai, ya adana waɗannan kaya shekara da shekaru. Da Yash Chopra ya tashi shirya Veer-Zaara, sai aka buɗe taskar, aka zaɓi wasu kare-karen murya, Javed Akhtar ya rubuta musu sababbin baitoci, aka sake kaɗa su. Ɗaya daga ciki tun don Mausam aka tsara shi aka ajiye. Fim ɗin ya fito a 2004, Shah Rukh Khan da Preity Zinta suna kan gaba, Lata Mangeshkar kuma ta sake rera kiɗan yayanta tana da shekara 75. A 2009 aka fitar da wani faifai mai suna Tere Bagair, ɗauke da waƙoƙinsa da ba a taɓa saki ba.

Wannan labari yana amsa wata tambaya da masu tara faifai suka daɗe suna yi: ko ya dace a kashe kuɗi wajen tsabtace tsohon kiɗan silima a sake fitar da shi cikakke? Dalilin masu goyon baya a fili yake. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti uku da ƴan kai a kowace fuska, don haka akan datse waƙa kafin a sayar da ita. Kiɗan da ke rakiyar labari a ƙarƙashin maganar ƴan wasa kuwa galibi ba a buga shi a faifai ko kaɗan. Faifan zare kuma zafi da laima suna cinye shi, abin da ba a kwafe da wuri ba ya tafi ke nan.

Akwai kuma abin tsoro. Karin da makaɗi ya ajiye, wataƙila shi da kansa bai gamsu da shi ba, kuma sabuwar kaɗawa da kayan zamani tana iya sauya masa kama, mai shi ba ya nan balle ya ce a'a. Hanyar da ta fi adalci ita ce a bayyana wa mai saye abin da yake na asali da abin da aka ƙara, a bar muryar marigayin kusa da sabon aikin don kunne ya yi hukunci.

Darasin ya shafi ƙasar nan ma. Finafinan Oumarou Ganda da Moustapha Alassane, da waƙoƙin da gidan rediyo ya ɗauka tun bayan samun mulkin kai a 1960, duka a kan irin waɗannan kaya masu lalacewa aka fara ajiye su. Kiɗan Madan Mohan ya tsira ne saboda an samu wanda ya kula da akwatin faifansa har shekara 29, kafin a san ko wata rana za a neme shi.