Tarihin Villa-Lobos, Makaɗin Ƙasar Birazil

An haifi Heitor Villa-Lobos a birnin Riyo na ƙasar Birazil ran 5 ga watan Maris, 1887. Ubansa ma'aikacin laburare ne, kuma shi ya fara koya masa calo, watau babban gogen nan na Turawa da ake kafawa tsakanin gwiwoyi.

Allah ya yi wa uban rasuwa a 1899, yaro na da shekara 12. Uwarsa ta so ya zama likita, amma ina! Sai ya rungumi jita, ya shiga cikin makaɗan titi. Da calon kuma yake neman na tuwo a gidajen sinima.

A 1923 ya tafi Faris, amma zaman baƙunta bai sa ya yar da kiɗan gida ba. Da shi ya yi suna a can. Daga 1930 zuwa 1945 ya tsara kaɗe-kaɗe tara masu suna Bachianas Brasileiras, inda ya gauraya salon Turai da na mutanensa.

Ya rasu a Riyo ran 17 ga Nuwamba, 1959. A 1986 Birazil ta sa hotonsa a takardar kuɗi. Jama'a, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.