Selman Waksman, masanin ƙasar noma da ya buɗe hanyar maganin tarin fuka

An haifi Selman Abraham Waksman a ranar 22 ga Yulin 1888 a garin Nova Pryluka da ke Yukiren, wadda a wancan zamani take ƙarƙashin Daular Rasha. Iyayensa Yahudawa ne, kuma da yake hukuma ta ƙuntata wa 'ya'yan Yahudawa shiga jami'a, sai ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1910. Ya karanta ilimin aikin gona a Rutgers da ke jihar New Jersey, ya kammala a 1915, sannan ya samu digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya a 1918. Daga nan ya koma Rutgers, inda ya shafe rayuwarsa ta aiki.

Hankalinsa ya karkata ne ga ƙananan halittun da ke zaune cikin ƙasa, musamman dangin bakteriya da ake kira Streptomyces, waɗanda su ne ke haifar da ƙanshin nan da ƙasa ke yi idan ruwan sama ya sauka. Ya lura cewa waɗannan halittu suna fitar da sinadarai da ke hallaka maƙwabtansu, sai ya tsara hanyar tantance su ɗaya bayan ɗaya don neman magani. Shi ne ya yaɗa kalmar antibayotik a matsayin sunan irin waɗannan magunguna.

A 1943 ɗalibinsa Albert Schatz ya ware sinadarin streptomycin daga Streptomyces griseus. Likitocin asibitin Mayo suka gwada shi, ya zama magani na farko da ya yi tasiri a kan ƙwayar tarin fuka, cutar da penicillin ya kasa taɓawa.

Sai a shekarun 1960 masana suka fayyace yadda maganin ke aiki. Rayuwar bakteriya ta dogara ga furotin, wanda take ƙerawa a wata 'yar masana'anta da ke cikinta mai suna ribosom. Ribosom yana karanta saƙon ƙwayar gado, yana jera tubalan furotin bisa tsari. Streptomycin kan manne wa ƙaramin ɓangaren ribosom ya sa shi kuskuren karatu, sai furotin ya fito a gurguje, har bakteriyar ta mutu. Da yake ginin ribosom na ɗan Adam ya sha bamban, majiyyaci kan tsira, ko da yake maganin na iya lalata ji. Haka kuma ɗan canji a ribosom ɗin ƙwayar cuta kan sa ta bijire wa maganin, dalilin da ya sa har yau ake haɗa magunguna da dama wajen jinyar tarin fuka.

Sai dai nasarar ta zo da takaddama. A 1950 Schatz ya kai malaminsa kotu, yana neman a amince da gudummawarsa da haƙƙinsa na kuɗin maganin. An sasanta a wajen kotu, aka ayyana shi a matsayin abokin gano maganin, aka ware masa kashi 3 cikin 100 na kuɗin. Duk da haka Waksman kaɗai aka bai wa lambar yabo ta Nobel a 1952. Sai a 1994 Jami'ar Rutgers ta karrama Schatz da lambar girmamawarta.

Da kuɗin maganin aka gina cibiyar nazarin ƙananan halittu ta Rutgers, wadda aka buɗe a 1954, kuma a yau take ɗauke da sunan Waksman. Ya rasu a ranar 16 ga Agustan 1973 a jihar Massachusetts, yana da shekara 85. Neomycin, wanda ɗakin bincikensa ya samo a 1949, shi ma ribosom yake kai wa hari, kuma har yanzu ana amfani da shi a man shafawa na rauni.